Ministan Tsawa na Rami na Sha Shida

Duk wanda ya ce lardin Tochigi na nan Japan bai taɓa fitar da babban mutum ba, to bai taɓa tsayawa bayan Inomata Kihachiro a layin karɓar abinci ba. Mutum ne da ko kwanon shinkafa aka miƙa masa sai ya karɓe shi kamar lambar yabo, ya ɗan juya hagu da dama ko akwai mai ɗaukar hoto. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin garinmu, goma sha tara daga ciki a kan kujerar Mataimakin Shugaban Sashen Ajiye Kekuna. A zamanin mulkinsa babu keken da ya jingina inda ba a ce ba ya kwana lafiya. Ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce, sai dai har yau ba a samu mai ƙarfin halin sanar da shi ba. In ka ce "Inomata-san", wato Malam Inomata, sai ya waiwaya ya ga da wa ake. Sai ka ce "Yallaɓai Mataimaki" kunnensa ke buɗewa.

Ni a filin golf na san shi. Shekara ashirin da shida ina ɗaukar wa 'yan kulob ɗinmu jakar sanduna, kuma kowace Laraba tasa ce rabona. Ɗan wasa ne mai tausayi. Ba ya son ya ji wa ƙwallo ciwo, shi ya sa yakan daki ƙasa ya bar ta a zaune. Ranar da tsautsayi ya sa ya same ta kuwa, tafki take nufa kai tsaye. Kifayen rami na bakwai sun san inuwarsa, da ya tsaya sai su koma ɗaya gefen. Sunana Mitsue, amma shi "Mai jaka" yake ce mini, don kan babban mutum ba shi da wurin ajiye ƙananan sunaye.

Sai ga labari cewa za a kawo Kofin Ƙasashe Shida filinmu. Gasa ce ta ƙwararrun mata, huɗu daga kowace ƙasa: mu, Koriya, Tailan, Ostareliya, Suwidin da Amurka. Kwana uku ana karawa, mace da mace, wadda ta fi cin ramuka ta kai wa ƙasarta maki. Sau bakwai ana yin gasar, kofin bai taɓa kwana a Japan ba. Aka sa ta a ƙarshen Agusta, lokacin da tsawar Tochigi ke fitowa da yamma kamar mai zuwa cefane.

Aka nemi 'yan sa-kai ɗari huɗu. Takardar neman aikin shafi ɗaya ce. Yallaɓai Mataimaki ya mayar da ita da shafi goma sha ɗaya, har da hotonsa tsaye a gaban kekuna dubu. Abin da ya nema shi ne tarbar shugabannin tawagogi a filin jirgin sama. Mai rabon aikin kuwa wata Hayasaka-san ce, 'yar shekara talatin da huɗu, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta karanta shafi biyu, ta buɗe taswirar fili, ta nemi wurin da ya fi ko'ina nisa da mutane. Rami na sha shida ne, can bayan tudu. Ta tura shi can, ta ba shi ƙaho.

Ƙahon nan gwangwani ne cike da iska, da jan baki kamar mazurari da maɓalli a kai, bai fi gwangwanin maganin sauro girma ba. Guda shida ne, aka raba wa tsofaffi shida a kusurwoyin fili.

"Ku saurara da kyau," in ji Hayasaka-san. "In alƙalin wasa ya ga tsawa ta matso, zan faɗa muku ta oba-oba. Doguwar busa ɗaya, kowa ya ajiye sanda ya nemi mafaka. Gajeru biyu, an dawo wasa. In ban yi magana ba, kada wanda ya taɓa maɓallin. Ko gwaji ban yarda ba."

Biyar suka jefa nasu cikin jaka tare da abincin rana. Yallaɓai Mataimaki ya karɓi nasa da hannu biyu, ya rusuna sosai. Ba Hayasaka-san ya rusuna wa ba, ƙahon ya rusuna wa.

A rumfar 'yan sa-kai muna shan shayi ya miƙe, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Ban sani ba ko kun fahimci abin da aka ɗora mini," in ji shi. "Shugabar tawagar Amurka mutum huɗu take iya tsayarwa. Ta Koriya ma huɗu. Ni kuwa da wannan," ya ɗaga babban yatsansa na dama, "ƙasashe shida. Nahiya huɗu. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya sai ta zauna ta kaɗa ƙuri'a. Ni ba zama, ba ƙuri'a. Ina roƙonku kada wannan ya sa ku ji tsorona. Ni dai mutum ne kamar ku, a wasu fannoni."

A nan muka sa masa suna Ministan Tsawa. Ya ji sunan, ya ce ya ɗan yi yawa amma ba zai hana jama'a nuna ƙauna ba. Kafin mako ya zagayo ya buga kati ɗari biyar: Babban Jami'in Dakatar da Wasa, Shiyyar Arewa maso Gabas. Ni ma ya ba ni ɗaya, da hannu ɗaya.

Abin da ya faru a gida daga bakin matarsa Tokiko na ji, don ajinmu ɗaya a makaranta, kuma ita ke dafa shayin rumfar. Tunda an hana shi gwada ƙahon, sai ya koma atisaye da maganin sauro. Aikin Tokiko shi ne tana cikin wanke-wanke ta ƙwala ihu ba zato, "Tsawa!" Shi kuma ya zabura daga inda yake ya danna, ya duba agogo, ya rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka. Gwangwani bakwai ya ƙarar. Sauro ya ƙare a layinsu, tururuwa ta ƙaura, kyanwar maƙwabta ta daina gaishe su.

Sannan ga kula da yatsa. Ya sa masa farar safar hannu, ya daina riƙe tsinken cin abinci da dama. Da hagu yake cin taliya, rabi a baki rabi a riga.

"Maigida, ko in ba ka cokali mai yatsu?" in ji Tokiko.

"Ki bar ni. Yatsan nan ba nawa ba ne yanzu. Na ƙasa da ƙasa ne."

Ranar buɗe gasa aka ɗaga tutoci shida, aka yi kiɗa. Minista ya iso da ƙyalle a damtse wanda ya sa Tokiko ta yi wa zanen walƙiya, da madubin hangen nesa a wuya, da ƙaho naɗe cikin mayafin siliki. Ba a gayyace shi wurin manya ba, amma a ganinsa mantuwa ce, sai ya gyara musu ita. Ya ratsa igiya ya tsaya gaban shugabar tawagar Suwidin, wata doguwa mai fara'a, ya miƙa mata kati, ya warware silikin, ya nuna mata gwangwanin, ya nuna yatsansa, ya nuna sama. Baiwar Allahn nan ta dubi gwangwanin, ta yi murmushi, ta naɗe hannun riga ta miƙo masa damtse don ya fesa mata, ta ɗauka maganin sauro ne.

Minista ya tsaya cak. Can ya naɗe nasa hannun rigar, ya miƙa mata nasa damtsen, ya rusuna.

"Gaisuwar ban-girma ce ta mutanen Suwidin," ya gaya mana daga baya. "Sai wanda ya yi karatu yake sani." Daga ranar duk Baturen da ya gani sai ya miƙa masa damtse.

Ni an ba ni manjagara, aikina share kwarin yashi na rami na sha shida bayan 'yan wasa sun taka. Saboda haka kwana uku muna tare. Ya kafa kujerar naɗewa a kan wani ɗan tudu ya sa wa wurin suna Hedikwata. Sama kuwa shuɗi tas, ko ɗigon gajimare babu. Hakan bai hana shi aiki ba. Duk minti goma sha biyar sai ya ɗauki oba-oba.

"Hedikwatar Arewa maso Gabas ke magana. Ina hangen gajimare ɗaya wajen yamma. Ƙarami ne, amma ban yarda da take-takensa ba."

"Mun gode, Yallaɓai Mataimaki," in ji muryar Hayasaka-san. "Don girmanka a bar layin."

"Ina ci gaba da sa masa ido."

Gajimaren ya ji kunya ya watse.

A rana ta biyu sama ta ƙara yin shuɗi, kuma Minista ya ɗauki abin a matsayin raini. Mu Japan muna ta cin wasa, 'yan kallo na murna, shi yana zaune yana hararar sama kamar mai keken da ya toshe ƙofar tasha. A rumfa mun rataye 'yan tsanan ƙyalle irin waɗanda yara ke yi don roƙon rana. Kowa ya san in aka juya kansu ƙasa ruwa ake kira. Da safe muka same su duka ƙafa a sama. Muka gyara. Da tsakar rana suka sake kifewa. Tokiko ta laɓe bayan tukunyar shayi ta kama mai aikin a kan kujera.

"Maigida, me kake yi a nan?"

"Ina duba ɗinkin."

"Duka goma sha biyun?"

"Jami'i ba ya nuna bambanci."

Wajen ƙarfe uku na ranar aka ji wani rugugi daga ƙasan kwari. Minista ya yi tsalle har kujerarsa ta kife.

"Hedikwata! Hedikwata! Ta iso! Ina neman izinin dannawa!"

"Yallaɓai Mataimaki, gangunan bikin ƙauye ne. Suna gwaji."

Ya ɗaga kujerarsa ya zauna. "A rubuta cewa na yi gargaɗi."

Don ya huce, sai ya tara 'yan kallon da ke jiran 'yan wasa ya yi musu lacca. Ya ce shi da tsawa sun daɗe da sanin juna. Ya ce tsoron tsawa na mata ne da ƙananan ma'aikata. "Namiji yakan dube ta ido cikin ido," in ji shi, "ita ke fara sunkuyar da kai." Wata tsohuwa ta tafa masa, amma ina jin sauro ta kashe.

Rana ta uku ta zo da abin da ba mu taɓa gani ba. Ƙasashe huɗu sun fita, saura mu da Koriya. An gama karawa uku: mun ci ɗaya, sun ci ɗaya, an yi canjaras a ɗaya. Komai ya rataya a kan ta ƙarshe. Tamu ita ce Nagumo Chiharu, 'yar shekara ashirin da uku, 'yar wasu manoman duma daga nan lardinmu. Tasu kuwa Pyo Ye-rim, wadda aka ce rabon da a ga haƙoranta tun tana firamare. Suka iso rami na sha shida Nagumo na gaba da rami biyu. In ta ci wannan, an gama. Ƙwallonta ta tsaya taku biyu daga bakin rami.

Wurin da Hayasaka-san ta zaɓa don nisansa da mutane, ranar mutum dubu huɗu ne suka cika shi. Iyayen Nagumo na gaba, uwar ta rufe fuska da tawul ta ce ba za ta iya kallo ba.

Sai iska ta tsaya. Gyare ya yi shiru. Daga wajen duwatsu wani baƙin hadari ya taso yana cin sama da sauri. Duk haifaffen Tochigi ya san wannan launin. Na dubi taron, laima mai bakin ƙarfe ta fi dubu, 'yan wasa na riƙe da sandunan ƙarfe, ga mu a kan tudu. Na dubi Minista. Hawaye ne a idonsa, kamar uban da ɗansa ya dawo daga doguwar tafiya.

Oba-oba ta yi ƙara. "Duk masu ƙaho, doguwa ɗaya. Yanzu. Yanzu!"

Biyar suka danna a can wurarensu. Tudu da iska suka haɗiye ƙarar, a wajenmu ba wanda ya ji komai. Nagumo ta sunkuya kan ƙwallonta. Duk mutanen nan ƙaho ɗaya ya rage musu.

Minista ya miƙe. Ya gyara ƙyallen damtsensa. Ya cire safar hannu yatsa bayan yatsa. Ya taka lallausar ciyawar bakin rami, wadda ko shugaban kulob ba ya takawa ranar gasa, ya tsaya daidai tsakanin ƙwallon Nagumo da ramin. Ya zaro takarda daga aljihu.

"Ya ku wakilan nahiyoyi huɗu," in ji shi. "Ni, Inomata Kihachiro, tsohon Mataimakin Shugaban Sashen Ajiye Kekuna, bisa ikon da aka danƙa mini…"

"Yallaɓai, danna!" na ce.

"Mai jaka, ba a katse jami'i. Bisa ikon da aka danƙa mini, kuma bayan dogon nazari…"

"Kaka, mene ne?" in ji Nagumo. "Ka tsaya mini a hanya."

"'Yata, tarihi ne. Zan maimaita da Turanci in na gama."

Bai gama ba. Duniya ta yi fari fat, wata doguwar bishiya a ɗaya gefen kwarin ta tsage gida biyu, ƙarar ta daki ƙirjin kowa.

Mutumin da ke duban tsawa ido cikin ido ya yi jifa da ƙaho gabas, takarda yamma. Ya durƙushe ya dunƙule, ya rufe ido, ya danne cikinsa da hannu biyu.

"Wayyo Inna! Cibiyata! Kada ya ɗauke mini cibiya!"

Dukanmu da haka kakanninmu suka tsorata mu muna yara, wai dodon tsawa na sace cibiyar yaron da ya bar cikinsa a buɗe. Yawancinmu mun daina yarda tun muna shekara shida. Shi yana da sittin da takwas.

Na yar da manjagara, na ɗauki ƙahon daga cikin yashi, na danna. Ban yi atisaye ko da gwangwani ɗaya ba, amma ya yi ƙara har kunnena ya toshe. Jama'a suka naɗe laima suka kwarara wajen motocin bas da rumfunan mafaka. Ruwa ya ɓarke.

Saura Minista. Na ja shi, ko motsi. Ƙafafunsa sun sandare, hannunsa ya manne a ciki. Ni shekarata hamsin da tara, ga ciwon gwiwa. Wata walƙiyar ta sake haskawa, kusa fiye da ta farko. Nagumo ta sa alama a wurin ƙwallonta, ta yar da sanda, ta kama shi ta hammata. Ta dubi abokiyar karawarta.

"Yaya, taimaka mini da ƙafafun!"

Pyo Ye-rim ta yar da tata sandar ta kama. Haka suka ɗauke shi a dunƙule kamar buhun shinkafa, suna gudu cikin ruwa, ni ina biye da ƙaho, shi yana ta kiran Inna. Wani mai ɗaukar hoto da ke gudu a bayanmu ya tsaya ya ɗauka. A tsakiyar hanya Pyo ta haɗa 'yan kalmomin Japananci da ta sani.

"Kaka," in ji ta, "shinkafa. Rage."

Muka shiga ɗan ɗakin siminti da ke kusa, inda ake sayar da shayi ranakun da ba gasa. Mutum kusan ashirin ne a ciki, har da Tokiko da ta kawo wa masu aiki shayi ruwan ya tare ta. Aka sauke Minista a ƙasa. Na ajiye ƙahon a tsaye a kan benci, na shiga matse hulata.

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga rufi a kansa. Ya leƙa cikin rigarsa ya tabbatar komai na nan. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya yi gyaran murya.

"Kamar yadda kuka gani," in ji shi, "na nuna muku a aikace yadda ake durƙusawa in tsawa ta sauka. Darasi ne. Ina fata kun lura da yadda na haɗe gwiwoyi."

"Cibiyar fa, Maigida?" in ji Tokiko.

"Babi na biyu ne."

"Inna fa?"

"Tokiko, muna cikin baƙi."

Ya juya cikin ƙasaita, ya ɗage gefen rigarsa, ya zauna a kan benci ba tare da ya duba ba, don babban mutum ba ya duba inda zai zauna.

POM!

Ya zabura sama yana dafe da baya. Daidai lokacin tsawa ta sake fashewa, ya firgita ya koma inda ya fito.

POM!

Gajeru biyu. Ƙofa a buɗe, iska kuma ta juya.

Mai ƙahon rami na sha huɗu wani tsohon likitan haƙori ne, Dakta Karasawa, wanda oba-obarsa ta jiƙe ta mutu. Ya ji gajeru biyu, ya ce ashe an ba da umarni, ya danna nasa sau biyu. Na rami na goma ya ji biyu sun busa, ya ji kunyar a bar shi a baya. Kafin minti ɗaya ƙahoni shida sun sanar da duniya cewa an dawo wasa.

Mutanenmu kuwa akwai bin doka. In ƙaho ya ce a fito, fitowa ake yi. Dubban mutane suka sauko daga bas a layi, suka buɗe laima, suka nufi tudu cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, sama na ta tsagewa a kansu. 'Yan Ostareliya suka fito suna shewa, su abin ya yi musu daɗi. Laimar shugabar tawagar Amurka ta kife ta tashi ta bar ta. Mai sharhin talabijin ya ce wannan jarumta ce da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Dariya ta kama Pyo Ye-rim har ta zauna a ƙasa, muka ga haƙoranta duka, lafiyarsu ƙalau.

Ni ban yi dariya ba, don na hango uwar Nagumo cikin masu hawa tudun.

Sai ga 'yar motar fili ta taho a guje tana watsa ruwa. Hayasaka-san ta diro, gashinta ya manne a fuska. Ta ɗage Minista gefe da hannu ɗaya, ta zaro ƙahon daga ƙarƙashinsa, ta fita cikin ruwa ta danna har iskar gwangwanin ta ƙare. Sauran suka amsa. Jama'a suka juya a layi suka koma bas. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai kowa ya jiƙe har cibiya.

Ta dawo, ta rusuna masa yadda ya kamata.

"Yallaɓai Mataimaki, ka yi ƙoƙari, ka gaji. Daga yanzu aikinka shi ne ka zauna." Ta dubi bencin. "A ƙasa."

Bayan awa ɗaya da rabi hadari ya wuce, rana ta fito. Aka tsane ciyawa, Nagumo ta mayar da ƙwallonta, ta tsaya, ta ɗan taɓa ta. Ƙwallon ta gangara a hankali, ta yi kamar za ta tsaya a baki, ta faɗa. Tudun nan ya kusa rushewa da ihu. Uwar ta cire tawul daga fuska tana tambaya ko an ci. Pyo ta rungume Nagumo. Na tsinci kaina ina kuka rungume da manjagara.

A rumfa da yamma Minista ya yi mana bayanin yadda aka yi.

"Hannun yarinyar ya yi sanyi don fargaba, na lura tun daga nesa. Ɗaukar kilo saba'in da tara shi ya ɗumama mata shi. Ban ce ni na ci kofin ba." Ya kurɓi shayi. "Ban kuma ce ba ni ba ne."

Washegari jaridar lardi ta fito da hoton a shafin farko: 'yan wasan ƙasashe biyu cikin ruwa, ɗauke da wani abu dunƙulalle. Fuskar ba ta fito ba, don ta baya aka ɗauka, mazaunai ne suka cika tsakiyar hoton. A ƙasa aka rubuta: "'Yan wasan Japan da Koriya sun haɗa hannu sun ceci wani dattijo ɗan kallo."

Tokiko ta ce ajiyar zuciyar da ta yi har labule ya motsa. Shi kuwa ya buga tebur.

"Ɗan kallo? Ni?"

"Maigida, ka yi shiru ka gode. Ba wanda ya gane ka."

"Abin da ke damuna ke nan!"

Ya rubuta wa jaridar wasiƙa mai shafi huɗu. Ya je ofishinsu da kansa sau uku, ya raba musu kati tun daga mai gadi har edita. A zuwa na uku editan ya kira ɗan jaridar da ya je gasar, suka yi ƙus-ƙus, sannan ya rusuna ya ce lallai an yi wa Yallaɓai rashin adalci, za a gyara.

Suka gyara. Suka sake buga hoton, ya fi na farko girma. A ƙasa aka sa cikakken sunansa, da shekarunsa, da unguwarsu, da muƙaminsa na da da na yanzu, ba a rage ko harafi ba. Layin ƙarshe ya ce: "Shi ne jami'in da aka danƙa wa ƙahon gargaɗi, kuma ya busa shi sau biyu, a zaune."

Ya sayi firam ya rataye shafin a bakin ƙofar gidansa. Layin ƙarshe ya naɗe ta baya, wai firam ɗin ya yi kaɗan.

Larabar da ta biyo ya dawo kulob. Na gan shi ya shiga ɗakin cin abinci ƙirji a gaba, yana ɗaga wa mutane hannu. Mutum arba'in ne a ciki, duk suka ajiye tsinken cin abinci suka juyo suna kallonsa. Ya gyaɗa kai cikin tawali'u, ya ce su ci gaba da cin abincinsu, ba sai an tashi ba. Ya ja kujera, ya ɗage gefen rigarsa, ya fara sauka a hankali.

Mutum arba'in suka toshe kunne.